Wuta Ta Yi Yanke

A ƙarƙashin wani dogon gidan haya da ke gabashin birnin Hamburg, a ƙasar Jamus, akwai jerin ƙananan ɗakunan ajiya, kowane ɗan haya da nasa. Maƙwabta sukan tara tsofaffin kekuna da akwatuna da tayoyin mota a nasu. Shi kuwa Alhaji, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ya yi fiye da shekara 30 yana aiki a tashar jiragen ruwa ta birnin kafin ya huta, layin dogo ya shimfiɗa a nasa. Ya kafa allon katako mai tsawon mita 3, ya zagaye shi da layi biyu, ya gina tasha da gada, ya dasa 'yan itatuwan soso da aka rina kore. A kan wannan allo ne ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki suke kai da kawowa.

Jamusawa ba su ɗauki wannan abu wasan yara kawai ba. Dattawa masu furfura suna kashe masa kuɗi da lokaci, akwai kantuna da mujallu da ƙungiyoyi dominsa. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake kira H0, inda ake rage girman komai sau 87, har faɗin da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu ya koma milimita 16.5. A tsohuwar unguwar rumbunan kaya ta Hamburg akwai wani gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a shekarar 2001. Tsawon layukan da ke cikinsa ya haura kilomita 15. Can Alhaji ya kai jikansa ranar da yaron ya cika shekara 6. Yaro ya yi kallo ya more, amma kakan ne ya dawo gida da abin a ransa.

Abin yana da tushe. Mahaifin Alhaji ma'aikacin reluwe ne a Ghana, yana cikin masu zuba kwal a tanderun jirgi. Dogon da aka faro daga Sekondi a bakin teku ya iso Kumasi a 1903, na Accra kuma ya iso a 1923, mutanen arewa da yawa da suka sauka a zango a nan suka sami abin yi. Alhaji ya tashi yana jin kukan jirgi da asuba, yana ganin taragai cike da koko da gumagumai suna gangarawa Takoradi. Har yau, in ya ji warin kwal, rigar aikin mahaifinsa yake tunawa.

Ɗakin ƙasan nan yana da doka guda: ba a magana a cikinsa sai da Hausa. Jikan Alhaji a Hamburg aka haife shi. Yanzu shekararsa 9, kuma a sama, ko an yi masa Hausa, da Jamusanci yake amsawa. Amma duk ranar Asabar, da ya sauko matakala ya tura ƙofa, sai harshensa ya juya. A nan ya koyi cewa injin da ke jan jirgi shi ne kan jirgi, waɗanda ake ja su ne taragai, inda layi ya rabu biyu kuma mararraba. Kakan yana ce masa Aboki, kamar yadda kakanni suke yi wa jikokinsu maza, shi kuma yana ce masa Kaka.

Shekara guda Alhaji ya yi yana tara kuɗi domin kan jirgi guda ɗaya. Samfurin wani injin kwal ne na Jamus da ake kira lamba 50, wanda aka fara ƙerawa a 1939, aka yi fiye da 3,000 irinsa. Jikinsa baƙi, ƙafafunsa ja, guda 10 manya masu ja da biyu ƙanana a gaba, yana jaye da taragonsa na kwal da ruwa. Samfurin ya ɗan ɗara taƙi ɗaya a tsawo, kuɗinsa kuwa ya kusa Yuro 400, domin akwai 'yar lasifika a cikin taragon kwal ɗin mai fitar da hucin tururi da kukan jirgi. Ta intanet ya saya, aka kawo ranar Alhamis. Ya ɗora shi a layi, ya yi zagaye uku lafiya lau. Da ya danna maɓallin kuka, sai ya zauna a kujera ya yi shiru na ɗan lokaci.

Ranar Juma'a da dare ya ga bai kamata baƙo irin wannan ya kwana a kan hanya ba. Ya ɗauko sabbin ƙarafan dogo ya ƙara wani gajeren layi a gefen tasha, ya kafe shi a katako da 'yan baƙaƙen ƙusoshi da ake sayarwa domin wannan aiki, siraran gaske, ba su fi santimita ɗaya ba. Bai gama ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya.

Asabar yaro ya zo, ya ga sabon kan jirgi, ya rasa inda zai sa kansa don murna. Suka yi ta zagaye har la'asar. Alhaji ya miƙa masa akwatin sarrafawa, ya ce, "Aboki, zan hau in yi salla. Ka shigar da shi sabon layi ya huta, in ka ga dama ka sake fito da shi." Da ya sauko bayan minti goma, sai ya tarar da ɗaki tsit. Jirgi ya tsaya cak a bakin gada, fitilunsa sun mutu, jar fitilar akwatin sarrafawa tana ƙyaftawa. Yaron yana tsaye ya harɗe hannuwansa a baya.

"Me ka yi masa?"

"Ban taɓa shi ba, Kaka. Yana tafiya sai ya tsaya."

Alhaji ya danna maɓallin tayarwa. Koriyar fitila ta kawo, kafin ƙiftawar ido ja ta dawo. Ya sake dannawa, haka nan. Sai ya ji kuɗin shekara guda ya tsaya masa a wuya, ya juyo ya ce, "Abu yana lafiya na bar maka shi. Hannun nan naka ba ya jin magana. Hau sama!" Yaro ya hau bai ce uffan ba. A sama ya gaya wa mahaifiyarsa, da Jamusanci, cewa gida yake son tafiya.

Abin da jar fitilar nan take nufi sananne ne ga duk mai irin wannan layi. Masu gyaran lantarki sukan ce waya ta haɗe. Wutar lantarki ba ta aiki sai ta yi zagaye: ta fito daga akwati ta bi ƙarfen dogo na dama, ta hau ƙafafun dama na jirgi, ta ratsa injin ta juya shi, ta sauko ta ƙafafun hagu, ta bi ƙarfen hagu ta koma inda ta fito. Saboda haka ne ake sa zoben roba tsakanin ƙafa da sandar da ke riƙe da ita, don kada dama da hagu su sadu. In wani ƙarfe ya gitta tsakaninsu, wuta takan bar doguwar hanya ta yi yanke, kamar ruwan da mai lambu ya koro zuwa fangali ya sami ɓaraka a magudana.

Wani masani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana ƙa'idar abin tun 1827: yawan wutar da ke gudana daidai yake da ƙarfin turinta in an raba shi da tsaurin hanyar da take bi. Layin Alhaji yana ɗauke da bolt 15 ko kusa da haka. Ƙaramin inji irin wannan bai cika jan rabin amfiya ba. Amma in tsaurin hanya ya faɗo zuwa om ɗaya, amfiya 15 ke neman wucewa, alhali akwatin ba ya ba da abin da ya wuce 3. Da za a bar ta, siraran wayoyi sai su yi zafi, roba ta narke. Shi ya sa akwatin yake yanke wuta da kansa nan take. Jar fitilar tana faɗin cewa an yi yanke, amma ba ta faɗin inda aka yi shi.

Ranar Lahadi Alhaji ya sauko shi kaɗai. Da farko ya yi abin da mai fushi yake yi, ya yi ta danna maɓalli ko abin zai warware da kansa. Da ya ga ɗan tartsatsi a ƙarƙashin jirgin sai ya janye hannu. A lokacin ne ya tuna da shekara biyun da ya yi yana yaron shago wurin wani mai gyaran rediyo a Kumasi. Maigidan nan ba ya yarda yaro ya kunce sukuru ko ɗaya sai ya fara raba matsala biyu, ya gano a wane rabi take, sa'an nan ya sake raba wannan rabin.

Ya kwashe komai daga kan layi, ya kunna wuta. Kore. Ya ɗora tsohon kan jirginsa, ya bi layi biyun nan da sabon gajeren layin, bai yi ko tuntuɓe ba. Ya jona masa taragai ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Ya ɗora sabon, ƙafafunsa na taɓa ƙarfe ja ta kawo. Ashe layi ba shi da laifi, ciwon yana jikin baƙon. Wannan ya ƙara masa tabbacin cewa yaro ya yar da shi ƙasa ya ɗauka ya mayar. Ya kai shi ƙarƙashin fitila yana neman lotsewa ko ƙwarzane. Bai ga komai ba.

Sai wani tunani ya zo masa. A Jamus tsari biyu ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kamfanin Märklin, wanda aka kafa a garin Göppingen a 1859, yana bi da wuta ta wasu 'yan ƙusoshi da ke jere a tsakiyar layi, jirginsa yana sharar su da wani takalmin ƙarfe da ke ƙarƙashinsa, ƙafafun dama da na hagu kuwa a haɗe suke, domin hanya ɗaya suke yi wa aiki. Sauran kamfanoni da yawa suna bin tsarin ƙarfe biyu irin na Alhaji. In aka ɗora jirgin tsarin farko a layin tsari na biyu, nan take wuta za ta haɗe, alhali babu wanda ya lalace a cikinsu. Kamfanin da ya ƙera nasa yana yin iri biyun. Ko kanti ne ya aiko da wanda ba shi ba? Ya kifa jirgin, babu takalmi. Ya duba kwali, na ƙarfe biyu ne. Ya kuma tuna ai ya yi zagaye da shi ranar Alhamis da Asabar. Wannan ƙofa ma ta rufe.

Litinin ya ɗauko mitarsa ta awon wuta, ya murɗa ta zuwa inda take ƙara in tsinkayenta biyu suka sami hanya a tsakaninsu. Ya kwantar da jirgin rigingine a kan soso don kada wani abu ya karye. Ya ɗora jan tsinke a ƙafar dama, baƙi a ta hagu. Shiru. Ya bi sandunan ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, biyar na manyan ƙafafu, ɗaya na gaba, huɗu na taragon kwal. Duka goman shiru. In za a bi ta mita, jirgin nan lafiyarsa ƙalau. Ya mayar da shi kan layi, ja ta kawo. Ya sake kifa shi ya auna, shiru. Ya yi haka har sau huɗu, sa'an nan ya kashe fitila ya hau sama.

Akwai sauran wuri guda da bai duba ba, wato cikin jirgin. Layinsa na tsarin dijital ne da ake kira DCC, wanda ya samo asali daga kamfanin Lenz na Jamus. A wannan tsari wuta tana kan layi koyaushe, kowane kan jirgi kuma yana ɗauke da 'yar dikoda mai lambarsa, ita ke karɓar umarni ta juya inji ko ta kunna fitila. In wata waya ta matse a ciki, ko dikoda ta ƙone, za a iya ganin irin wannan alama. To amma buɗe sabon jirgi ba ƙaramin abu ba ne. Dokar Tarayyar Turai ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 daga ranar da suka iso hannunsa ya mayar ba tare da faɗin dalili ba. Bayan wannan sai garantin shekara 2, wanda ya shafi aibin da kaya suka zo da shi, ban da ɓarnar da mai saye ya yi. In ya kunce sukuru ya karya wani abu, ya ɓata rawarsa da tsalle. Ya ajiye sukudireba.

Asabar ta zagayo, yaro bai zo ba. Mahaifiyarsa ta bugo waya ta ce, "Baba, wai yana da aikin makaranta." Alhaji ya ce to, Allah ya taimaka. Ya sauka ɗakin ƙasa ya zauna, bai kunna komai ba. Da dare ya cike takardar mayar da kaya. A wurin da aka ce mai saye ya faɗi dalili in ya ga dama, ya tsaya da alƙalami a hannu, domin in yaro ne ya yar da jirgin, mayar da shi a matsayin lafiyayye cin amana ne.

Hajiya tana gefe tana gyaran wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Alhaji, kai da bakinka ka ce har yanzu ba ka gano ciwon ba."

"Ban gano ba."

"To yaya aka yi ka gano wanda ya jawo shi? Maigidana dai ya ce bai taɓa ba."

Bai amsa ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Kwana biyu yana juya abu ɗaya a ransa: me ya bambanta jirgi a kife da jirgi a tsaye? Ranar Talata da dare, saura kwana biyu wa'adi ya cika, amsar ta zo masa yana alwala. Nauyi ne. Ya sauka da sauri, ya ɗauko guntun layi da ba a jona da wuta ba, ya aza a tebur, ya maƙala tsinken mita ɗaya a ƙarfen dama, ɗaya a na hagu. Ya ɗora jirgin a kai. Mita ta ɗauki ƙara. Yanzu ya sami hanyar jin ciwon ba tare da wuta ba, babu tartsatsi, babu fargabar ƙona dikoda.

Daga nan sai rabo biyu irin na shagon rediyo. Ya ɗaga kan jirgin sama kaɗan ya bar taragon kwal a kan ƙarfe, ƙara ba ta tsaya ba. Ya sauke shi ya ɗaga taragon, shiru. Ciwo yana tarago. Ƙafafun taragon rukuni biyu ne, gaba da baya. Ya ɗaga na baya, ƙara tana nan. Ya ɗaga na gaba, shiru. Sanduna goma sun koma biyu. Ya sake kifa jirgin a kan soso, ya ɗora tsinkaye a ƙafafun sanda ta farko, ya danna ta da ɗan yatsa kamar yadda nauyin tarago yake danna ta a kan layi. Shiru. Ya koma ta biyu ya danna. Mita ta yi ƙara. Ya saki, ta yi shiru. Sandunan nan ana barin su da ɗan wasa, su hau su sauka, domin ƙafa ta riƙa bin ƙarfe ko layi bai daidaita ba. Ashe in sandar ta hau, akwai abin da take taɓawa.

Ya haska tocila, ya kara gilashin ƙara girma. Can ciki, bayan ƙafafu, a ƙarƙashin 'yan hujojin da sautin lasifika yake fita, ya ga wani siririn abu baƙi kwance a gicciye. Tsininsa ya shige ƙarƙashin ɗan fallen tagullar da ke ɗebo wuta daga ƙafar dama. Kansa kuwa yana dab da bayan ƙafar hagu, tsakaninsu bai fi kaurin gashi ba. Ƙusa ce. Lasifika irin wannan tana da maganaɗisu a cikinta, shi ne ya zuƙo ta daga kan layi ya riƙe ta gam, shi ya sa ko da aka kifa jirgin ba ta faɗo ba. Da yake baƙa ce a jikin baƙin tarago, ido ya yi ta wuce ta har kwana goma.

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi kantar da ke can sama kusa da rufi. Gwangwanin ƙusoshin yana nan inda ya ajiye shi, wurin da shi kansa sai ya taka kujera yake kaiwa. Sai daren Juma'ar nan ya dawo masa sarai: wata ƙusa ta kuɓuce daga bakin filaya ta yi tsalle, ya ɗan lalubi tsakuwar da ke tsakanin ƙarafa bai gan ta ba, barci yana idonsa, ya ce gobe ya duba. Tsofaffin jiragensa ba su da lasifika, da su ne da sun wuce ta kanta ba abin da zai faru. Sabon ne ya shiga gajeren layin, kuma da umarninsa ya shiga. Ya ɗauko ta a can, girgizar tafiya ta gyara mata zama, ta kai shi bakin gada ta tsayar.

Ya daɗe zaune. Ya lissafa abin da ya yi wa wannan ƙarfe: ya wanke layi daga zargi da gwaji, ya wanke kanti da gwaji, ya auna sanduna goma har sau huɗu kafin ya yarda ya ce ga mai laifi. Jikansa kuwa tambaya ɗaya ya yi masa, bai ma saurari amsar ba. Tun yana yaro yake jin ana cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Nasa bai ma zama gaskiyar ba.

Ya ɗauki matsefata ya kai bakinta kan ƙusar, sai ya tsaya. In ya cire ta yanzu, gobe sai ya ce ya gyara jirgi, kowa ya yaba, yaro ya dawo ko ba jima ko ba daɗe, yana ɗauke da laifin da ba nasa ba. Babu wanda ya san zancen ƙusa sai shi da Allah. In kuma ya bar ta har Asabar, ba zai san ko tartsatsin ranar Lahadi ya taɓa dikoda ba sai bayan wa'adin kwana 14 ya wuce. Ya yi tunanin ya cire ya gwada ya mayar, sai ya ga ƙusar da ya mayar da hannunsa ba ita ce wadda ya tarar ba. Game da kanti kuwa, magana ta riga ta ƙare: ɓarnar tasa ce, ba shi da hujjar mayar musu da kaya. Ya ajiye matsefata, ya zaro takardar daga aljihu ya yaga.

Da safe ya kira 'yarsa. Ya ce, "Ki gaya wa abokina na gano abin, kuma ba shi ba ne. Ina so ya zo ya gani da idonsa."

Asabar yaro ya sauko, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Alhaji bai ja shi da surutu ba. Ya nuna masa guntun layi da mita, ya ce, "Ɗora shi." Mita ta yi ƙara. "Ɗaga gaba." Ƙara. "Ɗaga baya." Shiru. Yaron ya dubi kakansa, ya matso da kujera. Bai jira an gaya masa mataki na gaba ba, ya ɗaga rukunin ƙafafun baya, sa'an nan na gaba. Suka kifa jirgin, ya karɓi tocila. Abin da ya ci wa tsoho kwana goma, idon yaro ya gan shi kafin a ƙirga ashirin. Ya sa matsefata a hankali ya zaro ta, tana ɗan turjewa saboda maganaɗisu, ya aza ta a tafin hannunsa.

"Ta wane ne?" in ji Alhaji.

Yaron ya dubi gwangwanin da ke kan kanta. "Taka ce, Kaka."

"Tawa ce. Ni na yar da ita, ni kuma na ce ka shigar da jirgi inda take. Ka gaya mini gaskiya ban saurare ka ba, na kore ka. Aboki, ka yafe mini."

Yaro ya yi tsuru. Bai taɓa jin babba ya faɗa masa haka ba, a kowane harshe. Ya buɗe baki, Jamusanci ya taho, ya tuna dokar ɗaki ya haɗiye. Can ya ce, "Kaka, me ake cewa?"

"Cewa ake yi, na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya maimaita, yana ɗan tuntuɓe a ƙarshen.

Gefen fallen tagullar ya yi baƙi inda tartsatsi ya lasa. Alhaji ya goge shi da ɗan tsumma da ya jiƙa da sifirit, ya daidaita shi da bakin matsefata har ya koma yana shafar ƙafa yadda ya kamata. Suka ɗora jirgin a guntun layi, mita ba ta ce komai ba. Suka kai shi babban layi. Alhaji ya yi bisimilla ya danna maɓalli. Kore, kuma ta zauna. Ya miƙa wa yaron akwati, ya ce ya kira lamba 3, domin da ita sabuwar dikoda take fitowa daga masana'anta, shi kuwa bai sami sukunin sauya ta ba. Fitilun gaba suka kama. Huci ya fara fita daga tarago, jajayen ƙafafu suka motsa, jirgi ya haye gada. Yaron ya danna kuka sau uku a jere, har Hajiya ta leƙo daga matakala ta ce a tausaya wa maƙwabta.

Tun daga ranar aka ƙara doka ta biyu a ɗakin ƙasa. Duk lokacin da aka buga ƙusa ko aka yanka ƙarfe a kan allon, ba a kunna wuta sai an bi layi gaba ɗaya da ɗan maganaɗisu ɗaure a bakin sanda, kuma aikin yaron ne. A sharar farko ya tsinto ƙusa biyu da garin ƙarfe mai yawa daga gajeren layin nan. Kalmar ce dai ta ba shi wahala. Ya yi mako uku yana cewa magana-ɗisu, yana tambaya ko wata irin magana ce, kafin harshensa ya saba da ita. Ƙusar farko kuwa Alhaji ya manne ta da salatif a jikin murfin akwatin sarrafawa, kusa da jar fitila.